Likita ya ce, mai magani ya ce: tambayoyi da amsoshi kan ƙiba da maganar wanda za a ɗauka

Na yi shekaru a bayan kanta a wani kemis a cikin Kano, akwai sikeli a bakin ƙofa da kowa yake hawa kyauta, to a gaban wannan sikelin na ji tambayoyin nan, wasu ma na ji su ya fi sau ɗari. Ni ba likita ba ne, a san da wannan tun yanzu. Abin da na lura da shi dai shi ne yawancin mutane sun san teɓa ba ta da daɗi, gwiwa tana faɗa musu, numfashi yana faɗa musu in sun hau bene, rigimar tana wajen maganar wa za a bi.

Malam, wai ƙiba ciwo ce da gaske ko dai Turawa ne suka ƙirƙiro? Mu da muka taso muna jin ana cewa wane ya murje, hutu ya zauna.

Ai ba ƙarya iyayenmu suka yi ba, a zamanin da rama take nufin yunwa ko tarin fuka, wanda ya yi jiki lallai ya samu. Daga baya da ƙanjamau ta zo sai abin ya ƙara lalacewa, mutum ya rame kaɗan an fara kallonsa ana ƙus-ƙus. Amma wanda ya yi jiki a wancan lokacin da ƙafa yake zuwa gona, matarsa tana daka tana surfe tana ɗibar ruwa a rijiya. Yanzu daga ƙofar gida a hau adaidaita, a sauka a bakin shago a zauna har magariba da lemon kwalba a gefe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, wato sama da mutum biliyan 1. Kuma ba sai ka je Amurka ba, ka leƙa layin masu ciwon suga da hawan jini a kowane babban asibiti ranar kilinik ɗinsu ka ga yadda ake rububin benci. Kitsen da ke taruwa a tumbi shi ne mafi sharri, shi ke tura mutum ga ciwon suga da hawan jini, daga nan kuma sai shanyewar ɓarin jiki ko ƙoda ta taɓu.

To me ya sa mutanenmu ba sa sakin jiki da maganar likitoci? Jahilci ne?

A'a, ni ban yarda jahilci ne kaɗai ba, akwai tarihi. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, yara kusan 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan cewa ba a nemi izinin iyaye yadda ya kamata ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda aka yi wannan a garinsu kana ganin in ka zo masa da farar riga ka ce buɗe baki zai buɗe da sauri? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, a 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano saboda raɗe-raɗin tana hana haihuwa, sai a 2004 aka dawo da ita, kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka nakasa. Sai da sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin sannan aka samo kan mutane, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali a watan Agustan 2020.

Me ya haɗa wannan da tumbi? Shi zargi ba ya tsayawa a inda aka haife shi. Mutumin da ya saka a ransa cewa asibiti ba masoyinsa ba ne, ranar da aka ce masa Alhaji ka rage suga a shayi sai ya ji kamar wani salon ne kuma. Na sha ji da kunnena, wai so suke su ramar da mu.

Amma ai su ma suna canza magana. Jiya ƙwai haram, yau halal. Wa zai yarda da mai baki biyu?

Wannan tambayar ina son ta don akwai gaskiya a ciki. An daɗe ana tsoratar da mutane da ƙwai saboda kolestarol, wato wani irin kitse da ke yawo a jini, sai a 2015 Amurka ta cire iyakar da ta saka a ƙa'idojinta na abinci, don bincike ya nuna ga yawancin mutane kolestarol ɗin abinci ba ya ɗaga na jini kamar yadda aka zata. Akwai ma wanda ya fi wannan muni. A 2016 masu bincike suka tono takardun da suka nuna cewa a shekarun 1960 ƙungiyar kamfanonin suga a Amurka ta biya wasu masana na jami'ar Harvard kuɗi, suka rubuta sharhin da ya fito a 1967 wanda ya sassauta wa suga ya jibga laifin ciwon zuciya a kan kitse. To ka ga ba mala'iku ba ne.

Sai dai ka duba wa ya tona asirin, masana ne 'yan uwansu. Mai maganin da ke yawo da lasifika kuwa tun ina yaro kwalbarsa ɗaya take maganin basir da shawara da sanyi da rage tumbi da ƙarin ƙiba duk a lokaci guda, bai taɓa fitowa ya ce jama'a na yi kuskure ba. Ni dai wanda yake gyara maganarsa in hujja ta zo ya fi kwanta min a rai. Kuma in ka lura, ƙananan abubuwa ne suke canzawa, manyan suna nan inda suke shekara da shekaru: rage zaƙi, rage soye-soye, yawaita ganye da wake, motsa jiki.

Me ya sa mai maganin gargajiya ko hajiyar da ke talla a WhatsApp suka fi likita samun masu saurare?

Nan ne gizo yake saƙar. Ki kwatanta da kanki. Kin tashi da asuba kin kama layi, kin yanki kati, sai wajen azahar aka kira ki, likitan ya ga mutum hamsin kafin ke don abokan aikinsa da yawa sun tafi Saudiyya ko Ingila, bai ko ɗago kai sosai ba ya ce Hajiya kin yi nauyi da yawa, ki rage abinci mai sitaci ki dinga motsa jiki, na gaba. Minti uku. Kin fito ba ki san me za ki dafa da daddare ba.

Ita kuwa hajiyar can za ta kira ki da ƙawata ko antina, ta tambayi yara, ta saurari labarinki na rabin awa, ta turo miki hoton wata kafin da bayan, ta ce sati biyu kacal, kuma gobe ta sake kiranki ta ji ya jiki. Gani ya kori ji. Ba ilimi ta fi likita ba, lokaci ta ba ki da fuska, kuma da yaren kicin ɗinki ta yi miki magana. Mu a kemis mun san wannan sirrin, kwastoman da ka zauna ka saurara ko ruwan famfo ka ba shi zai ce ya ji sauƙi, shi ya sa aikin yake buƙatar tsoron Allah.

Wani dattijo mai shago a layinmu an faɗa masa a asibiti sau uku ya rage suga bai fasa ba. Ranar da wata nas 'yar unguwa ta zo sayen abu ta same shi yana haɗa shayi, ta tsaya ta ƙirga ƙwayoyin sugan da yake jefawa a kofi, bakwai, ta ce Baba sau nawa kake sha a rana, ya ce uku, ta ɗauko ƙwaya ashirin da ɗaya ta tara masa a tafin hannu ta ce ga abin da kake zuba wa jininka kullum ban da burodi. Ya daɗe yana kallon hannun nan. Bai daina shayi ba amma ya koma ƙwaya biyu, kuma maganar da likita ya faɗa ce dai, bakin da ta fito ne daban.

Anti ta ce in sha "sha ka fashe" kafin biki don in ciko. Ƙawayena duk sun sha ba abin da ya same su.

Ƙanwata don Allah kar ki sha. Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaga min hankali, don 'yan mata sun sha zuwa da sunan ƙwayar a rubuce a 'yar takarda, in ka hana su sai su tsallaka shagon gaba. Yawanci abin da ke ciki dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki da saka bacci. Shi dexamethasone magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don asma mai tsanani da kumburi da makamantansu, cikowar da kike gani illarsa ce. Ruwa ne yake taruwa, fuska ta yi zagaye kamar faranti, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, ƙafafu kuma su sirance, nankarwa ta fito ja a cinya da ciki, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi.

Ƙawayenki da kika ce ba abin da ya same su, kin auna sugansu? Illar ba ranar biki take fitowa ba. Kuma wadda ta riga ta daɗe tana sha kar ta yanke lokaci ɗaya, yin hakan yana da haɗari sosai don jiki ya saba ya daina ƙera nasa sinadarin, ta je asibiti a rage mata a hankali, kuma ta faɗi gaskiyar abin da take sha, ba wanda zai kama ta.

Son amarya ta ciko ba mu kaɗai ba ne, a Muritaniya har ɗura ake yi wa 'yan mata da madarar raƙumi. Sai dai mu yanzu mun haɗa biyu, a sha ƙwaya a ƙiba kafin aure, bayan haihuwa biyu a dawo ana neman shayin rage tumbi.

To shi shayin rage tumbin fa? Na ga akwai lambar NAFDAC a jiki.

Da farko lambar ma ana buga ta bogi. Na biyu, ko ta gaske ce, a kan kayan gargajiya ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana yin aikin da aka rubuta a kwalin. Yawancin irin wannan shayin ganyen da ke saka gudawa ne ko yawan fitsari, ki kwana kina zarya banɗaki, da safe ki hau sikeli ki ga kilo biyu ya tafi ki yi murna, alhali ruwa ne, kina sha zai dawo. A ƙasashe da dama an sha kama irin waɗannan kayan da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin rage ƙiba ne da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Mai hawan jini ya sha wannan bai sani ba, ai ka ji.

Likita ya ce in bar tuwo da shinkafa. In na bari me zan ci, iska?

Haha, wannan ita ke kashe yarda tun a ƙofar ofis. Shawarar da ba za ta shiga tukunyar gidanka ba ai ba za ka bi ta ba, daga nan kuma sai ka ce likitoci ba su san rayuwa ba. Ina kyautata zaton abin da yake nufi ka rage, lokacin yin bayani ne bai samu ba. In malmala uku kake ci ka koma biyu, daga baya ɗaya da rabi, miyar ta fi yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe, a rage man da ke yawo a samanta. Tuwon dawa da na gero da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa riƙe ciki. Ga wake, ga kwaɗon zogale da na rama, ga dambu mai ganye da yawa, ga yalo da kokwamba, duk namu ne ba sai an je babban kanti ba.

Inda ɓarnar take da yawa ma a kofi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kar ya wuce wajen giram 50 a rana ga babba, kimanin ƙaramin cokali 12, in an iya rabin haka ya fi. Robar lemo guda mai santilita 50 ta kai wannan ko ta wuce. Kar kuma a ce zoɓo da kunun zaƙi na gida ne ba komai, ka taɓa tsayawa ka ga sugan da ake juyewa a bokitin zoɓon sayarwa? Fura ma mun ɓata ta da suga. Zuma da mazarƙwaila su ma zaƙi ne, jini bai san bambanci sosai ba.

Likitan da ya ce in rage shi ma tumbinsa ya fi nawa.

Gaskiya ne akwai su da yawa, kwana a asibiti da indomi da lemon ƙarfe biyun dare ba ya barin kowa. Amma na'urar awon jinin da ya ɗaura maka ba ta duba tumbinsa ba kafin ta nuna jininka ya hau zuwa 160.

Na daina zuwa asibiti don duk ciwon da na kai sai a ce ƙiba ce, har da dariya.

Wannan ba daidai ba ne kuma ba ke kaɗai ba ce, sanannen abu ne har a ƙasashen waje cewa masu jiki suna ƙauracewa asibiti saboda irin wannan kallon, sai ciwon da za a kama da wuri ya yi nisa. Gori bai taɓa ramar da kowa ba, sai dai ya sa mutum ya koma gida ya huce a kan kwano. Kuma ƙiba ba ci kaɗai ke kawo ta ba, akwai gado, akwai haihuwa a jere da zaman jego ana ɗura kunu da nama ba motsi, akwai rashin bacci, akwai wasu magunguna, akwai matsalar maƙoƙo.

Yaya, in an ce miki ƙiba ce ki ce na ji likita, amma don Allah a duba min wannan ciwon shi ma, wane gwaji za a yi? In bai saurare ki ba ki nemi wani, haƙƙinki ne. Ki canza likita, kar ki canza zuwa mai lasifika.

A TikTok kowa dokta ne. Ta yaya zan gane na gaske?

Farar riga a kasuwa ake sayar da ita, abin sauraren ƙirjin da ake ratayawa a wuya ma haka. Likitan gaske a Najeriya yana da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci, kuma ba ya ɓoye inda yake aiki. Ni abin da nake dubawa shi ne ƙarshen bidiyon, in ya ƙare da lambar waya da "a turo kuɗi a aika ko'ina" to talla na kalla. Sai wanda ya yi alkawarin kilo goma a sati biyu, da wanda maganinsa ɗaya yake warkar da komai, da mai cewa ga sirrin da likitoci ba sa so ku sani, da wanda zai ce ka ajiye maganin suga ko na hawan jini ka koma nasa, wannan na ƙarshen kam ka guje shi kamar wuta. Ku tuna 2014 lokacin Ebola da saƙo ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka kwana suna yi har wasu suka ƙare a gadon asibiti. Daga wayar 'yan uwa saƙon ya zo shi ya sa aka yarda.

In na bi maganarsu, da gaske akwai amfani ko wahalar banza ce? Ni ba zan taɓa zama siriri ba.

Ba wanda ya ce ka zama sanda. Akwai wani babban gwaji a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002, mutum sama da 3,000 da suke dab da kamuwa da ciwon suga aka raba rukuni-rukuni. Waɗanda aka taimaka wa suka gyara ci da tafiya, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin nasu ya ragu da kashi 31. Wato mai kilo 90 ya sauke wajen 6 ya yi babban aiki. Abin da na fi so a lura da shi, mutanen nan ba takarda aka miƙa musu aka ce su tafi ba, an haɗa kowa da mai bibiyarsa suna zama akai-akai, irin dai abin da hajiyar WhatsApp take yi, sai dai su da gaskiya.

Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a sati. Ka sauka daga adaidaita kafin a kai ka ƙofa, ka tafi masallacin da ya ɗan fi nisa. Matan da ba sa fita su zaga tsakar gida da sauri bayan asuba, ko su haɗu su biyu uku da maƙwabta, na ga waɗanda suka yi haka kuma ya yi musu.

Allurar nan ta rage ƙiba da ake ta magana fa?

Ozempic da Wegovy, sinadarinsu semaglutide, na kamfanin Novo Nordisk. Suna aiki da gaske, suna rage jin yunwa, amma da tsada, suna saka tashin zuciya, kuma yawanci in an daina nauyin yana dawowa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin an samu na jabu a wasu ƙasashe. Abin likita ne, ba na saye a Instagram ba.

Azumi ba ya wadatar? Malamai ma ai sun yi magana.

Sun yi, kuma da za a bi da an huta, hadisin kason ciki uku kowa ya haddace shi, ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi. Amma sikelin ƙofar shagonmu shaida ne, da yawa bayan sallah nauyinsu ƙaruwa yake, don daga an kira magariba sai ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai da kunu da lemo, a dawo tarawi a ɗora tuwo. Ni ina ganin da limamai za su riƙa taɓo wannan a huɗuba kamar yadda aka yi da shan inna, da an ji su fiye da fosta dubu a bangon asibiti. Mai ciwon suga kuma ya ga likitansa kafin azumi ya kama, saboda lokutan shan magani.

Ba ni da sikeli, kuma ban gane lissafin BMI ɗin nan ba. Ya zan san inda nake?

Lissafin shi ne nauyinka a kilo, ka raba da tsawonka a mita sau kansa. Mai tsawon mita 1.6 da kilo 80, 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, a raba 80 da shi ya fito 31 da ɗoriya. Daga 25 an fara yin nauyi, daga 30 ƙiba ce sosai. Yana kuskure a kan masu ƙwanji irin 'yan dambe da masu dako.

In lissafi ya dame ka nemi igiya ko zare, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai ka yanke, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen saitin cibiya ko sama kaɗan, ba tare da ka shanye tumbin ba don na san halinku. In bakin ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba ka je a auna maka jini da suga, awon sugan da safe ake so kafin ka karya, kuma ka tafi da igiyar a aljihu ka nuna wa nas ɗin tazarar da ta rage.